GIGIN TSUFA DA AMANAR TUNANI: Darasi daga ranar da Baffa ya koma Unguwar Boro

Bismillahir Rahmanir Rahim.



Godiya ta tabbata ga Allah wanda ba Ya mantuwa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

'Yan uwa masu bibiyar wannan shafi, darasin yau yana da ɗan tsawo, a daure a karanta har ƙarshe. Wanda yake da tsoho ko tsohuwa a gida, maganar tasa ce. Wanda ba shi da shi, to shi ma tsufan yana tafe in da rabon kwana. 'Yan gidanmu sun ba ni izinin kawo wannan labari, da sharaɗin ba zan ambaci suna ba.

RANAR DA BAFFA YA ƁACE

Baffa yayan mahaifina ne. Ya yi aiki shekaru masu yawa a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, tun lokacin da injinansu ke juyawa dare da rana. Da guminsa ya sayi fili a Unguwar Boro, can ƙetaren kogi wajen Sabon Tasha, ya yi gini, a nan aka haifi 'ya'yansa duka. Sai rikicin Fabrairun 2000 ya zo. Mutanen Kaduna ba sa buƙatar a yi musu bayani: an yi asarar rayuka ta kowane ɓangare, daga nan gari ya fara rabewa, Musulmi da yawa suka tsallako arewacin kogi, Kiristoci da yawa suka koma kudu. Baffa ya sayar da gidansa ya dawo Tudun Wada. Sama da shekara ashirin ke nan.

Wata rana bayan la'asar aka neme shi aka rasa. Aka duba masallaci, aka duba majalisarsa, aka bi gidajen 'yan uwa, shiru. Magariba ta yi, isha ta yi. Wallahi ban taɓa ganin tashin hankali a gidanmu irin na wannan dare ba. Wajen ƙarfe tara sai ga kira daga wani mahauci a kasuwar Sabo wanda ya san iyalinmu tun da. Ya ce a zo Unguwar Boro, Baffa yana nan lafiya lau.

Ashe mota ya shiga, ya sauka, ya sake shiga wata, ya ƙetare gada, ya bi hanyar da ya saba bi in ya taso daga aiki, har ƙofar tsohon gidansa. Mutumin da ba ya iya tuna ko ya ci abincin rana, bai ɓata ko lungu ɗaya ba. Ya tsaya yana buga ƙofar mutanen da ba su san shi ba. Allah Ya taimake mu tsohuwar maƙwabciyarsa, wata dattijuwa Kirista, tana zaune a waje, ta gane shi. Ta ce ya gaishe ta kamar jiya suka rabu, ya tambaye ta ko maiɗakinsa ta dawo daga niƙa. Matar nan ta san cewa maiɗakin ta daɗe da rasuwa. Ba ta ƙaryata shi ba, ba ta yi masa dariya ba. Cewa ta yi: "Malam, shigo ka zauna ka sha ruwa tukuna." Da magariba ta yi ta ba shi ruwan alwala, ta shimfiɗa masa tabarma mai tsabta, ta nuna masa gabas. Ɗanta ne ya yi ta yawon neman wanda zai san lambarmu, awa kusan uku.

Da na isa, Baffa ya kira ni da sunan mahaifina, ya ce: "Ka ga sun canza min ƙofa." Na ce: "Baffa, mu je gida, dare ya yi." Ya dube ni ya ce: "To nan ina ne?"

A mota ina ta tunanin abu biyu. Na farko, awa ukun nan da takarda guda a aljihunsa da ta mayar da su minti biyar. Na biyu, shekara nawa muna zaune da wannan bawan Allah, wayoyi cike da aljihunmu, amma ba wanda ya taɓa ɗaukar muryarsa yana ba da tarihin gidanmu, ga shi tarihin yana zubewa a gabanmu.

MENE NE GIGIN TSUFA?

Bahaushe ya san abin tun da, shi ya sa ya ba shi suna: gigin tsufa, ko ruɗin tsufa. Kuskurenmu shi ne ɗaukarsa kamar furfura, wato abin da dole ya samu kowa. Likitoci sun tabbatar ciwo ne da ke cin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, kuma tsofaffi da yawa suna kai wa casa'in da hankalinsu garau. Mantuwar yau da kullum ita ce ka manta inda ka ajiye makulli. Wannan ciwon kuwa, mutum zai riƙe makullin ya rasa me ake yi da shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 55 ne ke ɗauke da shi, ana samun sababbi kusan miliyan 10 duk shekara, kuma fiye da kashi 60 cikin 100 suna ƙasashe irin namu ne. Nau'in da ya fi yawa shi ne wanda ake kira Alzheimer, da sunan likitan Jamus da ya bayyana shi a 1906, shi ke da kashi 60 zuwa 70 cikin 100. Akwai kuma nau'in da ke biyo bayan lalacewar jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa, wanda hawan jini da ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki ke share wa hanya. Wannan ya kamata ya tsorata mu, don kun san yadda muke wasa da maganin hawan jini. A Najeriya an daɗe ana nazarin ciwon: tun 1992 aka fara wani dogon bincike da ya kwatanta tsofaffin Ibadan da baƙaƙen fatar Indianapolis a Amurka, kuma an yi wani a Zariya da aka buga a 2011. Ke nan ba ciwon Turawa ba ne, yana cikin gidajenmu.

Yadda yake aiki shi ne ya fara cinye sabon abu ya bar tsoho. Kamar rumbun da gara ta fara ci ta sama: hatsin bana ya tafi, na shekarun baya yana ƙasa. Shi ya sa Tudun Wada ta goge a kan Baffa, Unguwar Boro ta rage. Idan tsoho ya ce "zan tafi gida" alhali yana cikin ɗakinsa, gaskiyarsa yake faɗa.

Gargaɗi biyu kafin mu wuce. Idan ruɗewar ta zo farat ɗaya, cikin kwana ɗaya ko biyu, a garzaya asibiti, domin zazzaɓi ko ciwon mafitsara ko saukar suga ko wani magani na iya jawo haka, kuma ana warkewa. Sannan ko a hankali ta zo, a kai shi likita ya duba, saboda akwai masu kama da gigin tsufa da ake magancewa, irin su ƙarancin sinadarin B12 da matsalar maƙoƙo da ciwon damuwa. Muna da asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Barnawa, ga asibitin koyarwa na Barau Dikko, ga na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. Zuwa Barnawa ba abin kunya ba ne. A yi ruƙya da addu'a, a kuma ga likita, ɗaya ba ya hana ɗaya.

Kuma don Allah a ji tsoron Allah a kan tsofaffin mata. Tsohuwa ta fita da dare tana sambatu, an gan ta a ƙofar wani, sai a ce mayya ce. Sau nawa aka wulaƙanta marar lafiya da wannan ƙazafi? Wanda ya jefi uwar wani da maita saboda ciwon da Allah Ya ɗora mata, ya shirya amsar da zai bayar.

ALƘUR'ANI DA SUNNA SUN AMBACI WANNAN HALI

A duba Suratun Nahli aya ta 70 da Suratul Hajji aya ta 5. A duka wuraren Allah Ya yi maganar wani mataki na ƙarshen rayuwa da ilimin mutum ke kwance masa bayan ya taɓa mallakarsa. Malamai suna kiran matakin arzalul umur. Ya tabbata a Bukhari cewa Annabi (SAW) yana neman tsari daga kaiwa wannan hali, kuma Sa'adu bn Abi Waƙƙas (RA) yana koya wa 'ya'yansa wannan addu'a. A nemi lafazinta a haddace.

Akwai maganar da ake jingina wa wasu magabata cewa ma'abocin Alƙur'ani ba ya kaiwa wannan mataki. Muna fatan haka daga rahamar Allah. Amma kada wani ya mayar da ita sandar dukan marasa lafiya, ya ce da wane na kirki ne da bai ruɗe ba. Ga dalili.

Malaman hadisi suna da babi guda da suke kira ikhtilaɗi, wato rikicewar haddar mai ruwaya a ƙarshen rayuwarsa. Ya samu manya, irin su Aɗa'u bn Sa'ib da Sa'idu bn Abi Aruba. Har littattafai aka wallafa a kan su, kamar Al-Kawakibun Nayyirat na Ibnul Kayyal. To me malamai suka yi da su? Ba su zubar da su ba. Sun zauna sun tantance: wane ɗalibi ne ya ji daga gare shi kafin rikicewa, wane ne bayan ta. Na kafin aka karɓa, na bayan aka dakata. An kare ilimin, an bar wa mutumin darajarsa.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne labarin Jariru bn Hazim, malamin Basra. Da 'ya'yansa, waɗanda su ma ma'abota hadisi ne, suka ga alamar rikicewa a tare da shi, sai suka killace shi daga masu neman ruwaya, ba wanda ya ɗauki komai daga gare shi a wannan hali. Shi ya sa hadisansa suka tsira, sunansa ya tsira. Ku kwatanta waɗannan 'ya'ya da na yau, wanda kakarsa za ta yi sambatu ya ɗauke ta a waya ya ɗora a TikTok ana dariya.

Har wa yau malaman hadisi sun kasa kiyayewa gida biyu: kiyayewar ƙirji, wato hadda, da kiyayewar littafi, wato rubutu. Wanda haddarsa ta yi rauni amma littafinsa yana da inganci, ana karɓa daga littafin. Haka ma da mahaddata da yawa suka yi shahada a yaƙin Yamama, Umar (RA) ya ba Abubakar (RA) shawarar a tattara Alƙur'ani wuri ɗaya, aka ɗora wa Zaidu bn Sabit (RA) aikin. Darasin a fili yake: idan ƙirji ya fara rauni, a hanzarta zuwa ga rubutu. Waya da rikoda da hoto su ne littafin zamaninmu.

HUKUNCE-HUKUNCE A TAƘAICE

Hankali shi ne sharaɗin ɗora wa mutum hukunci. Wanda hankalinsa ya gushe, an ɗauke masa alƙalami, kamar yadda hadisi ya nuna.

Salla: in ya kai ba ya gane lokaci ko adadin raka'a, ba ta wajaba a kansa ba, ba a kuma rama masa. In yana dawowa hayyacinsa wani lokaci, ya yi ta wannan lokacin. In ya tashi ya yi azahar sau uku, ko ya yi magariba raka'a biyar, a ƙyale shi. Kada a tsaya a kansa ana "ba ka yi daidai ba".

Azumi: wanda hankalinsa ya gushe babu azumi a kansa, kuma malamai da dama sun ce babu ciyarwa. Wannan daban yake da tsohon da hankalinsa ke nan amma jiki ya gaza. Shi ne ake maganar ciyarwa a kansa, wadda a mazhabar Malikiyya mustahabbi ce.

Zakka: a wajen Malik da Shafi'i da Ahmad tana nan a kan dukiyarsa, waliyyinsa ne zai fitar. Abu Hanifa ya saɓa a zakkar kuɗi.

Ciniki da kyauta da saki da wasiyya: abin da ya ƙulla a halin gushewar hankali ba ya zartuwa. Wanda ya kama yatsan tsoho ya dangwala a takardar fili, ko ya riƙe katin bankinsa yana zarar kuɗin fansho don kansa, haram ya ci, ko da ɗan cikinsa ne.

Ga kuma albishir: ya tabbata a Bukhari cewa bawa idan rashin lafiya ta hana shi aikin da ya saba, ana ci gaba da rubuta masa ladansa. Muna kyautata zaton Baffa, wanda ya yi shekaru yana sahun farko, har yau ana rubuta masa.

ABIN DA MUKA GWADA

Da farko mun yi irin ta 'yan boko. Aka haɗa kuɗi aka sayo babbar waya mai shafawa, aka cika ta da manhajoji: ta tunatar da shan magani, ta kiran salla, ta Alƙur'ani. Kwana uku ba ta yi ba. Yatsunsa sun bushe, gilashin ba ya jin su. In ta yi ƙara sai ya firgita. Ta nemi lambar sirri, mutumin da ke manta sunan jikansa. Wata Baturiya ta yi magana a ciki, ya ce wace ce wannan a ɗakinsa. A ƙarshe a cikin kwanon goro muka same ta, ya rufe ta don ta yi shiru.

Na Alƙur'anin ne ya fi ba ni kunya, ni da ake kira malam. Muka kunna masa karatu mai daɗi, sai ya ɓata rai yana cewa yaron nan yana ɓata karatu, yana ta gyara masa. Sai daga baya na gane: Baffa ɗan makarantar allo ne, da ruwayar Warshu ya tashi, mu kuma Hafsu muka sa masa, don ita manhajar ke buɗewa da ita. Da muka samo karatun Warshu na Shaikh Mahmud Khalil Al-Husari, sai ga Baffa ya jingina yana bi, yana riga mai karatun kai ƙarshen aya. Mutumin da bai san ranar mako ba, ya ja izu guda ba tuntuɓe. Ranar kowa ya yi hawaye.

Daga nan muka canza tunani. Muka daina tambayar wace na'ura ce ta fi zamani, muka koma tambayar me hannun Baffa ya riga ya sani. Amsar ita ce rediyo. Ga abin da ya yi mana aiki:

1. Ƙaramar rediyo mai cin memori, irin ta kasuwa. Muka liƙe duk maɓallan da salatif sai na kunnawa da na ƙara murya. A ciki akwai karatun Warshu da tsohon tafsirin marigayi Shaikh Abubakar Mahmud Gumi na masallacin Sultan Bello, wanda ya saba ji a Rediyon Kaduna. Kowa ya sa wa nasa tsohon muryar da ya saba da ita.

2. Kati a aljihun kowace riga, an rufe shi da leda, ɗauke da sunan da aka fi saninsa da shi, da lambobin waya biyu, da jimla ɗaya da Hausa da Turanci cewa yana da ciwon mantuwa. Muka sa tela ya ɗinka lambar a cikin hularsa, don yana iya canza riga amma ba ya fita ba hula.

3. Rubutu a ƙofofi. Mun fara da boko bai kula ba. Da aka rubuta da ajami, da manyan baƙaƙe, sai ya fara gane banɗaki da kansa. Wannan kaɗai ya dawo masa da mutunci mai yawa.

4. Littafin hotuna na takarda, hoto ɗaya a kowane shafi, da suna a ƙasa. Muka gano hotunan da suke yi masa magana su ne na da. Jikansa ya koma Unguwar Boro ya ɗauko hoton layin da ƙofar tsohuwar maƙwabciyar, da izininta.

5. Ɗaukar murya. Da hantsi ya fi natsuwa, sai a ajiye waya a gefe, a kawo shayi, a ja shi da hira. Ba a cewa "ka tuna wane?" don wannan jarrabawa ce, kuma faɗuwa take sa shi. Sai dai a ce: "Baffa, an ce a masaƙa har aikin dare kuke yi." Shi ke nan an buɗe famfo. Ta haka muka samu sunayen kakanninmu har hawa biyar, da garin da suka taso, da wasu dangi da zumunci ya yanke da su, yanzu an nemo su. Har wani bashi ya ambata da wani abokin aikinsa ke binsa, muka bincika muka tarar gaskiya ne, aka biya magada. Ku duba nauyin da ya kusa tafiya da shi kabari.

KIRA GA MATASANMU MASU ILIMIN KWAMFUTA

Na san a cikin masu karanta wannan akwai ɗaliban KASU da Kaduna Polytechnic da ABU, da masu rubuta manhaja. A waje an daɗe ana wannan aiki. Kamfanin Microsoft a Kambirij ta Ingila ya taɓa ƙera wata 'yar kyamara mai suna SenseCam da ake ratayawa a wuya tana ɗaukar hotunan yini da kanta, aka ga duba hotunan yana taimaka wa wasu masu ciwon mantuwa su tuno abin da ya faru. A Holan an buɗe wata unguwa mai suna Hogeweyk a 2009, an tsara ta musamman don masu wannan ciwo su rayu cikin yanayi irin wanda suka saba. Tunani ne mai kyau, amma ba a ɗauko shi yadda yake. Kyamarar da ke ɗaukar komai ba ta dace da gidan da mata ke zaune ba lulluɓi ba. Mu kuma ba ma kai iyayenmu wata unguwa, a gabanmu suke tsufa. Namu sai mu ƙera da kanmu. Ga abin da na koya, ku ƙara da iliminku:

Na ɗaya, ta yi kama da abin da tsoho ya sani: rediyo, agogon bango, carbi. Mai wannan ciwo ba ya koyon sabon abu cikin sauƙi, amma hannunsa yana riƙe da tsohon.

Na biyu, maɓalli ɗaya, aiki ɗaya. Maɓalli na gaske wanda yatsa zai ji ya danna. Ba lambar sirri, ba talla, ba "sabunta manhaja".

Na uku, ta yi Hausa, kuma da muryar ɗan gida. "Baba, ga maganinka" da muryar 'yarsa ya fi kowace ƙararrawa. Masu harshe biyu sukan koma harshen farko idan ciwon ya yi nisa, don haka wanda ya tashi da Fulatanci ko Gbagyi ko Kanuri a bar ƙofar sa nasa. A tuna da ajami, a tuna da Warshu.

Na huɗu, ta yi aiki ba data, ta jure rashin wuta. Batir mai kwana biyu ko ɗan faifan sola, kuma komai ya zauna a memori. Abin da sai da intanet yake motsi ba na gidan talaka ba ne.

Na biyar, a tuna ido da kunne sun raunana: manyan baƙaƙe, baƙi a kan fari, magana a hankali.

Na shida, kada ta yi wa tsoho jarrabawa, kada ta ce masa ya yi kuskure. In ya tambayi lokaci sau talatin, ta amsa sau talatin da murya ɗaya. A nan kam na'ura ta fi mu haƙuri.

Na bakwai, a tsara ta tare da mai jinya. A yawancin gidajenmu mace ce, 'ya ko mata ko suruka, ga yara ga girki. In na'urar ta ƙara mata aiki, za ta ƙare a kwanon goro. Ku zauna da su ku ji, kafin ku rubuta layi ɗaya.

Na takwas, mai gyaran waya na bakin titi ya iya gyara ta, kuma kuɗinta kada ya fi ƙarfin ɗan fansho.

Wanda ya yi wannan da niyya mai kyau, ina fatan ya shiga cikin ilimi mai amfani da ladansa ba ya yankewa.

IYAKOKIN DA SHARI'A TA SA

Izini. A nemi yardar tsoho tun yana iya bayarwa: me yake so a ɗauka, wa zai ji, me za a goge. Shi ya sa jinkiri yake da haɗari.

Sirri. Mai wannan ciwo yakan faɗi abin da ya rufe shekara hamsin, ko ya faɗi abin da bai faru ba, ya ce an sace masa kuɗi ko suruka ta hana shi abinci. Ba a yaɗawa, ba a kuma gina hukunci a kai sai an bincika. Ku tuna ƙa'idar malaman hadisi ta kafin rikicewa da bayanta. Wanda ya ɗauki muryar tsoho a ruɗe yana cewa "na ba wane gida" don ya kafa hujja ranar rabon gado, ya sani Allah Yana gani.

Na'urar bin sawu. An tambaye ni ko sa wa tsoho abin da ke nuna inda yake ya shiga leƙen asirin da Suratul Hujurati aya ta 12 ta hana. Abin da na fahimta, wanda aka hana shi ne bin aibin mutane. Wanda ya taɓa ɓacewa, kare ransa ya halatta a sa masa, gwargwadon buƙata, a hannun waliyyinsa kaɗai. Kuma ya fi ɗaure shi ko kulle shi a ɗaki, wanda wasu ke yi, alhali zalunci ne.

Muryar mamaci. Yanzu ƙirƙirarriyar basira tana iya kwaikwayon muryar mutum. Wani ya ba mu shawarar a haɗa muryar marigayiya matar Baffa ta riƙa yi masa magana. Na ƙi. Sauraron abin da ta faɗa da bakinta tana raye daban, ƙirƙira mata maganar da ba ta yi ba daban. Wannan ƙarya ce a kan mamaci, kuma yaudara ce ga wanda ba ya iya kare kansa.

To in ya tambaye ta fa? Da farko mukan ce ta rasu, sai ya yi kuka kamar yau aka yi, gobe ya sake tambaya. Muka ga muna yi masa sabuwar ta'aziyya kullum. Sai muka koyi abin da dattijuwar Unguwar Boro ta yi: ba ƙarya, ba kuma soka wuƙa. Mukan ce: "Baffa, kana kewarta ko? Ba mu labarin ranar da aka kawo ta." Sai fuskarsa ta saki. Shari'a ta ba da wannan fili na kauce wa ƙarya ba tare da cutarwa ba.

KAMMALAWA

A sake karanta Suratul Isra'i aya ta 23 da 24. Allah Ya keɓance lokacin tsufan iyaye da ambato, Ya hana ko da ƙaramar kalmar ƙosawa, domin Ya san lokacin ne haƙuri ke ƙarewa. Ba rediyon da zai maye gurbin ɗan da ya zauna ya riƙe hannun mahaifinsa. Baffa yakan manta na zo minti goma bayan na fita, amma masu jinyarsa sun ce yinin ranar yakan yi shi cikin natsuwa. Kuma ko shi ya manta, Wanda ake yi dominSa bai manta ba.

Ku kuma maza, a taimaka wa matan da ke jinya. A karɓe su ko yini ɗaya a mako, a gode musu, a sa musu albarka. Ba baiwa aka kawo ba.

Aikin wannan mako guda uku ne. Wanda yake da tsoho mai fita shi kaɗai, ya rubuta masa kati yau. Wanda iyayensa ke da hankalinsu, ya zauna da su ya ɗauki muryarsu: nasaba, dangi, basussuka, amanar mutane, wasiyya. Sannan kowa ya je a auna masa jini da suga, domin wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya nuna a 2024 cewa kusan kashi 45 cikin 100 na wannan ciwo yana da alaƙa da abubuwan da ake iya kiyayewa, irin su hawan jini da suga da taba da raunin ji da zaman kaɗaici.

Bayan sati biyu da faruwar abin mun koma Unguwar Boro da ɗan alheri don yi wa dattijuwar nan godiya. Da ƙyar ta karɓa. Ta ce lokacin da mijinta ya kwanta ciwo, Baffa ne ya kai shi asibiti da tsakar dare. Shi ya manta, ita ba ta manta ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan iyayenmu, Ya tsare mu daga arzalul umur, Ya jiyar da mu daɗin jinmu da ganinmu da hankalinmu muddin muna raye, Ya sa kalmar shahada ce ƙarshen abin da zai rage a harshenmu. Allah Ya zaunar da Kaduna lafiya.

Mai tambaya ya ajiye ta a ƙasa, amma don Allah kada a sa sunan marar lafiya ko hotonsa. A tura wa wanda zai amfana.

Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.